Kafin ka farke PlayStation ɗinka don mayar da ita laftof

Tambayoyi huɗu na zaɓo a wannan mako, duk a kan masu cire na'urar gem daga kwansonta su gina mata sabon gida mai murfi da allo, kamar laftof.

Tambaya: Malam, ina da PS5, wato PlayStation 5, kuma aikina na yawan tafiye-tafiye ne. Ina son in ba wani gwani ya mayar mini da ita laftof mai batir, in riƙa buga gem a hanya. Ya ka gani?

Amsa: Ɗan'uwa, ka bar PS5 ɗinka yadda take. Bari in ba ka dalili da lissafi, domin lissafin ne ya yanke hukuncin.

Idan ana buga babban gem, PS5 tana shan wuta wajen wat 200. Batirin laftof kuwa, komai girmansa, da wuya ya wuce abin da zai ba da wat 100 na tsawon awa guda, saboda wannan ce iyakar da ake bari a hau jirgin sama da ita ba tare da neman izinin kamfanin jirgin ba. Ka raba ɗari da ɗari biyu, rabin awa ke nan, kuma ba a sa wutar da allon zai sha ba. Wanda ya ce maka zai yi maka PS5 mai batirin da zai ɗauke ka doguwar tafiya, ka tambaye shi nauyin batirin, da kuma ko za a bar ka ka shiga jirgi da shi.

Shi ya sa yawancin laftof ɗin da masu wannan sha'awa suka gina sai an jona su da soket suke aiki. Benjamin Heckendorn, ɗan jihar Wiskonsin ta Amurka da aka fi sani da Ben Heck, shi ne ya fito da abin fili. A 2000 ya mayar da tsohuwar na'urar gem ta Atari 2600 ta riƙewa a hannu, a 2006 ya gina laftof daga Xbox 360, daga baya ya yi na Wii da na PS3. Aikinsa ya burge duniya, ni ma yana burge ni har gobe. Amma manyan na'urorin nan akwati ne mai allo da ake ɗauka daga wannan ɗaki zuwa wancan. Ba abin ɗorawa a cinya cikin mota ba ne.

Sai zafi, wanda ya fi batir wahala. Duk wutar da na'ura ta sha, zafi take komawa, kuma dole ya sami hanyar fita. Girman PS5 da mutane ke kuka da shi, da nauyinta na kilo 4.5 a fitowar farko ta 2020, babban kaso daga ciki na fanka ne da ƙarfen da ke zuƙe zafi. Sony, mai ƙera ta, har ruwan ƙarfe ta shafa tsakanin ƙwaƙwalwar na'urar (furosesa) da wannan ƙarfen maimakon man da aka saba, kuma ruwan nan yana ɗaukar lantarki, ɗigo ɗaya ya zuba a fanel, wato farantin da aka liƙa kayan lantarkin ciki a kansa, zai iya kashe na'urar. Ka matse wannan duka cikin siririn kwanso, ka ga abin da za ka samu: fanka mai ihu da na'ura mai kashe kanta. Garanti kuma ka manta da shi.

Ga mai tafiya irinka hanya biyu nake gani. In gem ɗin PlayStation kake so dole, sayi ƙaramin allo mai kafar HDMI, inda ake jona wayar hoto da sauti, inci 15 ko kusa, ka sa shi jaka ɗaya da na'urar. In kuwa bugawa a cikin mota ko jirgi ce buƙatarka, nemi abin da aka ƙera don haka tun asali, irin su Nintendo Switch da ta fito a 2017, ko Steam Deck ta kamfanin Valve da ta fito a 2022, wadda ƙwaƙwalwarta ba ta wuce wat 15. Akwai kuma Xbox Series S, wadda ba ta cika kilo biyu ba, kuma wani kamfani a Ostareliya ya yi mata allo mai suna xScreen da ake maƙalawa a bayanta ya rufe kamar murfi, ba tare da an kwance ko ƙusa ɗaya ba.

Tambaya: Na ga wani yana sayar da Xbox 360 da aka riga aka mayar laftof, aikin hannu ne, kuma ya karya kuɗin. In saya?

Amsa: Araha ba ta ado, sai ka bincika. Xbox 360 ta farko, ta 2005, ita ce mai ciwon nan na jajayen fitilu uku da ke kewaye maɓallin kunnawa, alamar ta mutu. Zafi na cikin abin da ke jawo shi, kuma ya yi yawan da a 2007 Microsoft, mai ƙera ta, ta tsawaita garanti zuwa shekara uku, abin da ya ci mata sama da dala biliyan ɗaya. Na'urar da ta wahala a gidanta na asali, ina ga an ƙara matse ta?

Ka fara da sanin wane fanel ne a ciki. Duba cajar: mai wat 203 ta tsofaffin ce, mai 175 ta tsakiya, mai 150 ita ce ta fanel ɗin Jasper na 2008 wanda ya fi su ƙarko. Amma babbar caja tana shiga sabuwar na'ura, don haka ka nemi ya nuna maka hotunan aikin tun daga farko. Wanda ya yi abu da hannunsa ba ya rasa hotuna, kuma yana jin daɗin a tambaye shi. Sannan ka zauna ka buga gem mai nauyi awa guda cur a gabansa, ka sa hannu a inda iska ke fita, ka saurari fankar, ka buɗe murfin ka rufe sau da yawa ka ga ko hoton yana rawa, domin wayar allo a wurin lanƙwasar nan take fara tsinkewa. In ya ƙi yarda da gwajin awa guda, bar masa kayansa. Kuma ka sani duk ranar da ta lalace, mai gyara ba shi da taswirarta, guda ɗaya ce a duniya.

Tambaya: Malam, ɗana yana da shekara 16, kullum yana kwance tsofaffin rediyo da caja. Yanzu ya ce yana son ya gwada wannan aikin da PS4 ɗin gidan. Me zan saya masa?

Amsa: Hajiya, Allah ya yi masa albarka, kuma na ji daɗi da ba ki ce zan hana shi ba. Yaron da hannunsa ke son sanin cikin abu, kyauta ce aka ba ki.

Sai dai kada ya fara da PS4. Wutar soket kai-tsaye take shiga cikinta, kuma ɓangaren wutar yana iya riƙe caji ko bayan an zare waya. Ga kuma tarko: a samfuran farko, ɗan fanel ɗin da ke sarrafa faifai an ɗaure shi da babban fanel tun daga kamfani, in ya lalace ko aka jefar, na'urar na iya ƙin karɓar sabunta manhaja.

Ki saya masa Wii ta kamfanin Nintendo, ta hannu, in da hali guda biyu, domin ta farko da wuya ta tsira, kuma da koyo akan iya. Wii ta fito a 2006, an sayar da sama da miliyan 100, saboda haka ba ta wuyar samu. Wutar da take sha ba ta fi wat 20 ba, ga cajarta a waje mai bolt 12, wato babbar wuta ba ta shiga inda hannunsa yake. Ita ce ma masu wannan sana'a suka fi so, har sukan yanke fanel ɗinta ya dawo ɗan ƙarami, kuma samfurin farko yana buga gem ɗin GameCube, na'urar Nintendo da ta gabace ta. Yankan ya bar shi sai gaba. Aikin farko shi ne ya fitar da fanel ɗin lafiya, ya haɗa shi da ƙaramin allo, ya gina musu akwati.

Kayan aiki kuwa: ƙarfen liƙin dalma mai saita zafi, mitar auna wuta, sukudireba mai baki uku da Nintendo ke amfani da irin ƙusoshinta, da tabarau na kare ido. Batun batir ki sa ido sosai. Batirin litiyam yana kamawa da wuta in aka huda shi ko aka haɗa shi ba daidai ba, don haka sai da ɗan fanel ɗin kariya, kuma sai babba wanda ya sani yana kusa.

Tambaya: Ina da laftof da ta mutu amma allonta lafiya lau. Zan iya jona PS4 da ita ta kafar HDMI?

Amsa: A'a. Kafar HDMI ta kusan kowace laftof fitar da hoto take yi, ba ta karɓa. Amma allon zai yi maka amfani. Ka cire shi a hankali, ka duba lambar samfurin da ke liƙe a bayansa, ka nemi fanel mai juya HDMI zuwa irin siginar da allon ke ji, LVDS ga tsofaffi, eDP ga na baya-bayan nan. Da lambar allon za ka saya, ba da sunan laftof ɗin ba, saboda samfuri ɗaya na laftof yakan zo da allo iri-iri. Ka tabbata fanel ɗin yana da kafar sauti, in ba haka ba za ka ga hoto babu murya.