Baƙon kwana uku: amsa ga yaron da ke kula da shigga, wato gidajen haya na saukar baƙi, a Makka

Ka tambaye ni: "Mu'allim, wata biyu ke nan ina kula da shigga huɗu ɗin nan na unguwar Aziziyya. Ina share su tas, amma wayata ba ta hutawa da dare. Wannan ya ɓata hanya, wancan ya ce mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ba ya sanyi, wasu sun kama wuri su huɗu sun zo su tara, wasu sun ƙi fita a kan lokaci. A ƙarshe su ba mu tauraro uku a manhaja. Ina nake kuskure?"

Ɗana, shararka ba ta da laifi. Inda kake sakaci shi ne maganar da ya kamata ta isa kunnen baƙo tun yana gidansu, kai kuma sai ka bari sai ya tsaya a ƙofar imara, wato ginin da shiggar take ciki, da ƙarfe biyun dare sannan ka fara ta. Ka duba halin mutumin nan: ya sauka a Jidda bayan awanni a jirgi, ya yi layin shige da fice, ya yi tafiyar mota sama da awa ɗaya, yana cikin harami, ga tsohuwa ga yara, wayarsa babu layin Saudiyya, caji saura kaɗan. Wanda ke cikin wannan hali ba ya karanta dogon saƙo. Abin da ba ka gaya masa jiya ba, yau da faɗa zai tambaye ka shi.

Fara da kwanan wata, don nan ne rigima mafi muni take. Mutum ya ga tikitinsa ya ce zai sauka ranar 12 da ƙarfe ɗayan dare, sai ya kama shigga daga ranar 12. A lissafinmu shiga ta ranar 12 tana farawa ne da la'asar, ƙarfe huɗu. Shi kuwa zai iso kafin asuba, lokacin da wasu ke barci a kan gadon. Don haka da zarar an kama wuri, ka nemi hoton tikitin, ka karanta lokacin sauka da idonka. In tsakanin sha biyun dare ne da safiya, ka gaya masa a fili cewa daren 11 yake buƙata, ya ƙara kwana ɗaya ko ya shirya inda zai zauna har la'asar. Ka riƙa rubuta ranar da sunanta da kwanan watan Miladiyya, "Talata 12 ga Maris", kada ka haɗa da na Hijira sai in shi ya fara. Ka kuma tuna masa agogon nan yana gaban na Najeriya da Nijar da awa biyu, yana gaban na Sudan da awa ɗaya.

Sai nisa. Kada kalmar "kusa da Harami" ta fita daga bakinka a kan shigga ta Aziziyya. Wanda bai taɓa zuwa Makka ba, in ya ji "kusa", a ransa zai ji kiran salla ya yi alwala ya taka ya sami jam'i. Ka gaya masa mota ake shiga, ka faɗi inda tashar bas take, minti nawa ne daga ƙofa zuwa can da tafiyar dattijo, ba da tafiyarka ba. Ka faɗa masa a goman ƙarshe na Ramadan ana rufe hanyoyin da ke kewaye da Harami gab da salla, tafiyar minti ashirin tana iya cin awa. Wani zai fasa saboda wannan bayanin. Bar shi ya fasa. Ya fi maka da ya zo ya kwana biyar yana jin an yaudare shi a garin da ya tara kuɗin shekaru don ya gani.

Saƙon isowa ka aika shi kwana biyu kafin tafiya, lokacin yana da intanet a gida, ka roƙe shi ya ɗauki hoton allon wayarsa ya ajiye. Abin da zai ƙunsa: wurin a taswirar Google, gajeren adireshin ƙasa mai harufa huɗu da lambobi huɗu da ke manne a jikin imara, hoton ƙofar imara da rana da wani da dare, hawa na nawa, lambar shigga, lambar makulli, sunan wayifai da kalmar sirrinsa, da lambar haris, wato mai gadin imara. Ka ƙara layi ɗaya da Larabci wanda zai nuna wa direban tasi. Wani abu da ke ɓatar da baƙi da yawa shi ne lambobin Larabci a kan ƙofofi: biyar ɗinsu tana kama da sifili, shidansu tana kama da bakwai, sifilinsu ɗigo ne kawai. Mai neman shigga ta 6 zai tsaya gaban ƙofarsa yana ganin 7. Ka sayo lambobin boko ka manna a ƙasan na Larabci.

In baƙonka Bahaushe ne, musamman manya, saƙon murya ya fi rubutu tasiri. Ka yi sallama, ka gaishe shi da Alhaji ko Hajiya ko Baba, ka faɗi magana ɗaya a saƙo ɗaya, kada ya wuce rabin minti. Amma duk abin da ya shafi kuɗi, yawan mutane da lokacin fita, ka bi shi da rubutu, ka sa ya amsa da "na yarda". Murya don ya fahimta, rubutu don ranar da aka yi musu. In ɗan Indunisiya ne ko Baturke ko ɗan Pakistan, ka yi aiki da Google Translate, amma ka rubuta gajerun jimloli da lambobi, ban da karin magana, ban da barkwanci, domin na'ura tana juya su su zama wani abu dabam. Inda hoto zai yi aiki, aika hoto ka zana kibiya a kai.

Yanzu batun huɗu da suka zama tara. Mutanenmu ba sa ƙirga yara, ba sa ƙirga ƙanen da ke aiki a Jidda da zai zo ya kwana biyu, kuma a ganinsu ba ƙarya suka yi ba. Tambayarka ce ba ta cika ba. Kada ka ce "ku nawa ne?" Ka ce: "Alhaji, turo mini fasfo ɗin duk wanda zai kwana, babba da yaro, domin sai na shigar da sunayensu." Wannan gaskiya ce, ba dabara ba: masaukai a Saudiyya suna shigar da bayanan baƙi a tsarin Shumus na Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, ɗan ƙasa da katinsa, mazauni da iƙamarsa, wato katin izinin zama, mai ziyara da fasfonsa. Da ka ɗora maganar a kan doka, kunya ta fita tsakaninku. Ka duba fasfon ka mayar masa nan take, kada ka riƙe shi a matsayin jingina ko da shi ya miƙo maka. Sannan ka san lasisin da mai gidan ya karɓa daga Ma'aikatar Yawon Buɗe Ido, ka san lambarsa, domin tun farkon 2025 aka hana manhajoji irin su Gathern da Airbnb da Booking tallata masaukin da ba shi da lasisi.

Lokacin Hajji kuwa ka buɗe kunnenka da kyau. Daga 1 ga Zulƙida zuwa 14 ga Zulhijja mai bizar ziyara ba ya zama a Makka, kuma a 2025 an sanar da tarar da ta kai Riyal 100,000 ga wanda ya ba shi masauki ko ya ɓoye shi. Za a zo maka da "ɗan'uwanmu ne, kwana biyu kawai", za a haɗa ka da Allah, za a kira sunan mahaifinka. Ka ba da haƙuri cikin ladabi, ka ce ba a hannunka yake ba, ka turo mini shi.

Kiran dare na mukayyif, mafi yawansa ba lalacewa ba ce. Yaro ya taɓa rimot ya mayar da shi kan alamar ɗigon ruwa ko ta rana maimakon alamar ƙanƙara, ko an bar taga a buɗe, ko batirin rimot ya mutu. Ka liƙa hoton rimot a bango, ka zagaye maɓallin da ja, ka rubuta digiri 24. Baƙo yana ganin in ya kai shi 16 zai fi saurin sanyi. Ba haka ba ne, kwamfresa ce kawai za ta yi ta aiki ba hutu, in kuma tacin, wato ragar da ke tace iska, ya toshe da ƙura sai ƙanƙara ta kama ciki, iska ta daina fitowa, ruwa ya fara ɗiga a kan katifa. Don haka ka ciro tacin ka wanke duk sati biyu a lokacin zafi, ka zuba kofin ruwa a kwatarniyar ciki ka ga ko bututun yana fitar da shi waje. Ka ajiye batir AAA guda huɗu a aljihun tebur. Mukayyif mai ƙarfin sanyi BTU 18,000 ya ishi ɗaki mai mita huɗu da biyar in mutum uku ne a ciki. In tara suka shimfiɗa katifu, ba zai ishe su ba ko sabo ne, kuma wannan ma dalili ne da za ka gaya wa Alhaji tun farko.

Wuta tana ɗaukewa ne in an haɗa butar lantarki da dutsen guga da tukunyar shinkafa a jona ɗaya. Butar kaɗai tana jan wat 2,000 ko fiye, jonar mai amfiya 13 a kan wuta 230 kuwa iyakarta kusan wat 3,000. Ranar shiga ka nuna wa babban namijin cikinsu akwatin wuta, ka nuna masa yadda ake zare kayan tukuna sannan a ɗaga makunnin. In ya sake faɗuwa bayan an zare komai, kada ya ƙara taɓawa, ya kira ka.

Ruwa shi ne abin da baƙo ba ya yafewa. Mai Umara yana wanka kafin kowace fita da bayan dawowa, ga alwala, ga wankin harami. Kullum da safe ka leƙa tankin ƙasa da na sama, ka saurari dinamo, wato injin tura ruwa sama, ka taɓa awwama, wato ƙwallon da ke tsayar da ruwa in tanki ya cika, ka ga ba ta maƙale ba. In tankin ƙasa ya sauka ƙasa da rabi kuma shigga cike suke, kira wayit, wato mai tankar ruwa, tun lokacin, don a kakar Umara ba ya zuwa a ranar da aka kira shi ko da yaushe. Da bazara ruwan tankin sama yana tafasa da rana har ya ƙona fata. Ka kashe sahhan, wato na'urar dumama ruwa, daga makunninsa, ka gaya wa baƙi su buɗe famfon ja na ruwan zafi: ruwan da ya kwana a cikin sahhan ɗin da ke kashe, a inuwar banɗaki, ya fi na sama sanyi. Baƙo ba zai gano wannan da kansa ba. Ka ajiye buta biyu da ƙaramar kujerar roba a kowane banɗaki, in ba haka ba za a ɗora ƙafa a kan kwanon wanke hannu don alwala har ya tsinke daga bango. A kicin ka sa matacin ƙarfe a bakin magudana da gwangwanin zuba ragowar mai, ka faɗa da baki cewa shinkafa da ƙanzon tuwo ba sa shiga nan.

Shiga shigga alhali da baƙi a ciki, ko don gyara ne, sai da saƙo tukuna da lokacin da suka yarda. In mata ne kaɗai a ciki, ka jira namijinsu ya dawo, ko ka zo da haris ku bar ƙofa a buɗe. Kamara ba ta shiga cikin shigga sam. Ta bakin imara kawai, ita ma a faɗa wa baƙo akwai ta.

Wani abu game da mutanenmu da nake so ka riƙe. Bahaushe zai kwana babu ruwan zafi, ka tambaye shi lafiya, ya ce "alhamdu lillahi, ba komai", sannan ya koma Kano ya gaya wa duk wanda zai taho kada ya sauka wurinka. Saboda haka "komai lafiya?" ba tambaya ba ce. Washegarin isowa, bayan azahar lokacin sun huta, ka tambaya ɗaya bayan ɗaya: "Baba, ɗakin Hajiya yana sanyi? Ruwa yana zuwa da ƙarfi? Gas yana kamawa? Barguna sun isa?" A nan ne zai faɗa. In kuma ya kira da fushi, ka bari ya ƙare, kada ka fara da kare kanka. Ka maimaita masa matsalar da bakinka don ya ji ka gane, sannan ka ba shi lokaci da agogo: "Mai gyara zai zo tsakanin la'asar da magariba." "In sha Allahu yanzu-yanzu" da ba ta da ƙarfe ita ce ke jawo kira na biyu da na uku. In lokacin ya yi mai gyaran bai zo ba, kai ka riga shi kira, ka kawo fanka ko ka mayar da su wata shigga.

Fita ƙarfe sha biyun rana ce, amma ka tunatar da daren jiya, ka tambayi lokacin jirginsu ko na jirgin ƙasan Haramaini in Madina za su. Juma'a ita ce mai wuya: wanda ke son sallar Juma'a a Harami zai bar gida tun hantsi, ba zai dawo ba sai wajen ƙarfe uku, sababbin baƙi kuma suna tafe ƙarfe huɗu. Ka sasanta tun daren Alhamis: su haɗa kaya kafin su fita, a ajiye a ɗakin haris, ka ba su banɗakin ƙasa su watsa ruwa in sun dawo. Kafin kowane baƙo ya shiga ka ɗauki bidiyon minti biyu na shiggar, ka tura masa a ranar, don kuɗin ta'amini, wato na jingina saboda ɓarna, kada ya zama maganata da maganarka. Bayan sun fita ka canza lambar makulli, ka ɗaga katifu ka duba ɗinkinsu da fitilar waya saboda kuɗin cizo, ka wanke zannuwa da ruwan zafi mai digiri 60, ka leƙa ƙarƙashin matasai da bayan ƙofar banɗaki, don nan ake manta fasfo da katin magani da sarƙa. Abin da ka tsinta ka ɗauki hotonsa ka tura masa kafin ya kai filin jirgin Jidda.