AddressSanitizer na kuka a kan vector, me za a kashe?

Yarona, ka ce AddressSanitizer (ASan), mai kama kurakuran amfani da ma'adana, tana tsayar maka da manhaja da kukan container-overflow a kan wani vector, ka bi layin ba ka ga laifi ba, shi ne kake tambaya ko a cire -fsanitize=address, tutar da ke kunna ta, a huta. A'a, kada ka cire.

Vector na C++, wato jerin abubuwa mai iya ƙaruwa, ma'auni biyu gare shi: abin da ke ciki yanzu, da wurin da ya tanada don gaba. Ita kuma ASan tana da littafinta a gefe, inda kowane baiti 1 yake gadin baiti 8 na ma'adanar manhajarka. Libc++, laburaren C++ na Clang (manhajar da ke gina lambarka), yakan shiga littafin nan ya haramta filin da aka tanada ba a cika ba, duk sanda aka ƙara abu sai ya matsar da iyakar gaba. To, akwai wani laburaren waje da muka karɓa an riga an gina shi, kuma ba da ASan aka gina shi ba. In shi ya ƙara abu a vector ɗinka, zai zuba amma ba zai taɓa littafin ba. Kamar yaron shago ne ya kai kaya sito bai rubuta ba, ka zo ɗauka maigadi ya riƙe ka. Abokin aikinka kuwa da ke gini da GCC maimakon Clang bai ga kukan ba: a can sai an kunna _GLIBCXX_SANITIZE_VECTOR kafin a yi wannan binciken.

Amma kafin ka ce ƙarar ƙarya ce, tabbatar vector ɗin yana bi ta laburaren. In ba ya bi, laifin na wajenka, koma ka nemo shi.

In yana bi, abin da ya fi shi ne a sake gina laburaren da ASan. Tunda ba mu da lambarsa ta asali, kashe wannan binciken shi kaɗai da ASAN_OPTIONS=detect_container_overflow=0. Ni na fi son ka sa zaɓin cikin __asan_default_options, wato function ɗin da ASan ke karanta zaɓuɓɓukanta daga cikin manhajar, ka rubuta dalili da sunan laburaren a kansa, don kada na bayanka ya yi ta lalube.

Ƙetare iyakar ma'adana da taɓa wurin da aka riga aka saki, duk za ta ci gaba da kama su. Abin da zai wuce shiru shi ne karatun da ya zarce ƙarshen vector amma bai fita daga tanadinsa ba, don haka gwaje-gwajen da ba sa taɓa laburaren ka gina su daban, ka bar musu binciken a kunne. Ranar da aka ba mu ginin laburaren mai ASan, ka goge layin da ya kashe binciken.