Shawarar Lauya: An kama ɗana a hannun uwarsa, zan iya ɗauke yarana?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Shekara huɗu ke nan da rabuwarmu da matata, muna da yara biyu, namiji ɗan shekara 14 da mace 'yar shekara 8. Da ta tafi na bar mata su saboda ƙaramar ba ta yi wayo ba. Shekara biyu da suka wuce ta yi wani auren, ta tare da su, ban ce komai ba don gudun fitina. Makon jiya 'yan sanda suka kama babban tare da wasu yara, wai sun saci waya. Sai da ya kwana biyu a caji ofis kafin labari ya iso ni, kuma ba daga bakinta ba. Mijinta ne ya yi belinsa, an ce su koma ranar Litinin. Dama wata biyar ke nan na tsayar da kuɗin da nake aikawa, domin ko na kira ba ta haɗa ni da su. Ni abin da na sani, yaro in ya wuce shekara bakwai na ubansa ne, balle ta yi aure, balle ga abin da tarbiyyarta ta haifar. Niyyata in je makaranta in ɗauko 'yata in an tashi, shi kuma ya dawo gidana. Akwai abin da doka za ta ce min?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Akwai abin da za ta ce, kuma ba duka ne zai yi maka daɗi ba. Ka lura dai bakinka kaɗai na ji, ban ji na uwar yaran ba, ban ga takarda ko ɗaya ba. Zan ɗauka a Najeriya kuke, aurenku na Musulunci ne, kuma babu kotun da ta taɓa yanke hukunci kan riƙon yaran. Idan ɗaya cikin ukun nan ba haka yake ba, musamman na ƙarshen, lissafin ya canja, sai ka zauna da lauya ido da ido.

Kada ka je makarantar nan. Kai ne ubanta, ba mai musu, amma ɗauke yarinya daga hannun mai riƙonta ba da yardarta ba, ba kuma da umarnin kotu ba, zai mayar da kai wanda ake ƙara cikin kwana ɗaya. Yawanci uwar za ta garzaya kotu, a aiko maka sammaci, kuma ba abin mamaki ba ne alƙali ya ce a mayar da yarinya inda aka ɗauko ta tun kafin a saurari hujjarka. Daga nan duk abin da ka faɗa, ana jin sa ne daga bakin wanda ya ɗauki doka a hannunsa. Ka duba ita kanta yarinyar kuma: ta fito da jakarta tana jiran a kai ta gida, sai ta kwana a wani gidan, ba kayan sawa, ba sallama da uwarta.

Maganar shekara bakwai ba kai ka ƙirƙiro ta ba, tana da asali. A wajen Hanafawa riƙon uwa yana ƙarewa in namiji ya kai bakwai, mace tara. Shafi'awa kuma suna cewa yaro in ya yi wayo, wajen shekara bakwai, a ba shi zaɓi tsakanin iyayensa. Sai dai kotunan shari'ar Musulunci a Najeriya da mazhabar Malikiyya suke hukunci, kuma abin da ke cikin Risala ta Ibn Abi Zaid a fili yake: bayan saki reno na uwa ne har namiji ya balaga, mace kuma har ta yi aure ta tare. Saboda haka a kan 'yarka, shekarunta ba su ba ka komai ba.

Auren da ta yi ne ya fi kama da hujja. Akwai hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, inda Annabi (SAW) ya gaya wa matar da tsohon mijinta ke son ƙwace ɗanta cewa ita ta fi cancanta da shi matuƙar ba ta yi aure ba. A kan haka malamai suka ce idan uwa ta auri wanda ba muharramin yaron ba, aka tare, haƙƙinta na reno ya faɗi. Inda maza da yawa ke tuntuɓe shi ne zaton cewa in ya faɗi, a hannunsu yake faɗowa. A Malikiyya kakar yara ta wajen uwa ce ke biye, sai 'yar'uwar uwa, sai an gama da wannan ɓangaren a juyo na uba, kuma a jerin da aka fi sani ko a can mahaifiyarka tana gabanka. In tsohuwar surukarka tana raye, da lafiyarta da hankalinta, to da ita za ka yi shari'a ba da 'yarta ba.

Akwai wani labari a Muwaɗɗa na Imamu Malik da nake yawan karanta wa masu irin niyyarka. Sayyidina Umar ya rabu da wata mata Ba'ansariya, suna da ɗa, Asim. Wata rana ya je Ƙuba ya tarar da yaron yana wasa a farfajiyar masallaci, ya kama hannunsa ya ɗora shi a gabansa kan abin hawa. Kakar yaron ta cim masa, suka yi ta ja har gaban Sayyidina Abubakar, wannan na cewa ɗana ne, wannan na cewa ɗana ne. Abubakar ya ce ya bar mata shi, Umar bai ƙara ko kalma ba. Ka musanya farfajiyar masallaci da ƙofar makaranta, sai ka ga shirinka.

Sai shirun da ka yi. Littattafan Malikiyya, ciki har da Mukhtasar na Khalil, sun ce wanda riƙo zai koma gare shi, in ya san an yi auren an tare, ya yi shiru har shekara guda ba uzuri, riƙon uwa yana nan. Kai da bakinka ka ce shekara biyu. Ba na cewa ƙofa ta rufe, domin alƙali zai duba dalilin shirun, kuma cutarwar da ta ɓullo daga baya sabuwar magana ce. Amma duk lauyan da ta ɗauka, da wannan zai fara. Ba ka kuma gaya min wa ke gidanka ba. Namiji ba a ba shi renon yaro sai yana da macen da za ta kula da shi, mata ko uwa ko makamanciyarsu, kuma za a tambayi yadda take da yaran.

A saman duk wannan akwai ma'aunin da kusan kowace kotu ke aiki da shi yanzu, wato maslahar yaro. Yana cikin sashe na 3 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, kuma da shi dokar haƙƙin yara ta Najeriya ta 2003 ta buɗe. Jihohi suna da nasu dokokin da suka gina a kanta, wasu da gyare-gyare, don haka a duba ta jiharku. Abin da alƙali ke nema shi ne gidan da yaron zai fi samun kulawa da karatu da kwanciyar hankali, ko da amsar ba ta yi wa ɗayanku daɗi ba.

A kan babban, matsayinka ya fi ƙarfi. Ɗan shekara 14 yana bakin balaga in bai riga ya balaga ba, kuma da balagarsa wa'adin renon uwa ya ƙare. Mai shekarunsa kuma ana jin ta bakinsa. In shi da kansa yana son zama wurinka, da wuya a hana. Amma ba wannan makon ba. Beli aka ba da shi, kuma wanda ya sa hannu shi ya yi alkawarin kawo shi duk ranar da aka neme shi. Ka ɗauke shi ba da saninsu ba, ya ƙi bayyana ranar Litinin, ka jefa mai belin cikin matsala, ka jefa yaron cikin wadda ta fi ta.

Yanzu kamun kansa. Zargi ne, kuma sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce wanda ake zargi marar laifi ne har sai an tabbatar. Ka yi tunani a kan abin da kake shirin yi da wannan zargi: kafin ya zama hujjar cewa tarbiyyar uwar ta lalace, sai ka tsaya a gaban alƙali kana tabbatar da cewa ɗanka ɓarawo ne, a daidai lokacin da yake buƙatar ka tsaya masa a wani wurin. Yaro ba ya mance irin wannan. Ko da ma ya tabbata, laifi guda cikin abokai ba ya nuna uwa ta gaza, yara suna yin irinsa a gaban iyayensu maza.

Wanda bai kai shekara 18 ba, doka ba ta bi da shi yadda take bi da babba. Bai kamata a haɗa shi ɗaki ɗaya da manya ba, tsare shi kuma mataki ne na ƙarshe, na gajeren lokaci. Ba a bayyana sunansa ko hotonsa, don haka kai ma ka kiyaye, kada ɓacin rai ya kai ka Facebook ko WhatsApp. Dokar 2003 ta ba 'yan sanda da mai gabatar da ƙara damar kashe ƙaramin laifi ba tare da shari'a ba, ta hanyar sulhu da biyan mai kaya da sa ido a kan yaron. Wannan ita ce ƙofar da nake so ku nema, in har binciken ya nuna da hannunsa, kuma in babu makami ko rauni a maganar, domin in akwai su labarin ya sha bamban. Ka binciki abu biyu: a ina aka kwantar da shi daren nan biyu, kuma ko an sa shi ya sa hannu a wata takarda ba babba ko lauya a wurin. In babu halin ɗaukar lauya, hukumar gwamnati mai ba da agajin shari'a kyauta tana da ofis a jihohi. In maganar ta kai kotu, za a nemi rahoton jami'in walwalar jama'a, zai shiga gidan uwar, zai iya shiga naka, kuma abin da ya rubuta yana iya bin ku har shari'ar riƙo.

A nan ne wata biyar ɗin nan za su cije ka. Ciyarwa da tufatarwa da magani da kuɗin makaranta suna kan uba ko yaran suna gidan wa, gwargwadon halinsa, kuma aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ɗora shi a wuyansa. Haƙƙin yaran ne, ba ladan haɗa ka da su a waya ba. Yadda takarda take a yau, mijin uwa ne ya yi beli, uba kuma ya janye hannu. Ka dawo da aiken tun yau, ta banki don ya bar shaida, kuɗin makaranta ka biya kai tsaye ka adana rasit. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ita ma ban wanke ta ba. In gaskiya ne tana hana ka jin muryar yaranka, ba ta da wannan ikon. Reno daban, walittaka daban: kai ne waliyyinsu, kana da haƙƙin ganinsu da bibiyar karatunsu da tarbiyyarsu, sai dai su kwana wurin mai riƙo. Ɗanka ya kwana biyu a kulle kuma ka ji a bakin wasu, wannan ban ga uzurin da za a kawo masa ba, kuma ka faɗe shi a duk inda aka zauna. Idan kuma kana da labarin cutarwa ta gaske, duka ko yunwa ko cire yarinya daga makaranta ko wani abu daga mijin, kada ka jira sulhu, ka kai rahoto ofishin walwalar jama'a, ka nemi kotu ta ba da umarnin wucin gadi. Amma da shaida: takardar asibiti, rajistar makaranta, mutumin da ya gani da idonsa. "Tarbiyyarta ba ta da kyau" ra'ayi ne.

Kotu tana nan in ka zaɓe ta. Ka shigar da ƙara a kotun shari'ar Musulunci, a kira ta, a ji shaidu, wanda bai gamsu ba ya ɗaukaka, har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na kundin tsarin mulki ya ba hurumin irin wannan. Sai dai ka shirya wa ɗage-ɗage, ka shirya ganin yaranka a harabar kotu ana tambayarsu wa suka fi so. Kuma yadda na karanta wasiƙarka, mafi kusa shi ne ka yi nasarar raba yarinyar da uwarta ta koma hannun kakarta, tsugune ba ta ƙare ba.

Shawarata ku zauna. Ka tura babba daga danginka wurin mahaifinta ko waliyyinta, a sa kakar yaran a zaman tunda magana tana iya komawa kanta. A rubuta inda kowane yaro zai kwana, ranakun ziyara da rabon hutu, lokacin waya, abin da za ka riƙa aikawa duk wata, da sharaɗin cewa rashin lafiya ko maganar hukuma a sanar da kai a ranar. Komawar babban wurinka, in yana so, ta shiga ciki, a ɗaura ta bayan an gama da 'yan sanda. In kun sa hannu, ku kai wa alƙali ya mayar da yarjejeniyar hukunci, domin takardar da ta tsaya a aljihun dattawa ba ta tilasta kowa.

Kafin Litinin ka kira mijin nan, ko ba ka so, ka yi masa godiyar belin, ku tsara abin da za ku nema a caji ofis da baki ɗaya. Ka tafi da takardar haihuwar yaron, domin ita ce za ta hana a rubuta masa shekara 18, ka kuma nemi ganinsa kai da shi kaɗai ko na rabin awa kafin ranar.