Shin ƙirƙirarriyar basira za ta amfani asibitocin karkara?

Malam, ka tambaya ko binciken da ke haɗa injiniyoyi da likitoci da masana ƙirƙirarriyar basira zai taɓa amfanar ƙaramin asibiti irin na ƙauyukanmu na Jigawa. Amsata ita ce zai amfana, in har an tsara na'urar da yanayinmu a zuciya.

A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da manhajar kwamfuta mai ƙirƙirarriyar basira wajen karanta hoton ƙirji domin tantance tarin fuka ga masu shekara 15 zuwa sama. Wannan babban abu ne a wurin da ƙwararren mai karanta hoto yake da nisa, sai an dangana da Dutse ko Kano. Sai dai manhajar alama kawai take nunawa, gwajin majina ne yake tabbatar da cutar.

Nauyin da ya fi girma, a ganina, yana wuyan injiniya, domin dole na'urar ta jure ƙurar hunturu da zafin bazara, ta yi aiki da hasken rana, kuma ma'aikacin lafiya na ƙauye ya iya sarrafa ta ko babu intanet. Saboda haka ya kamata a zauna da ma'aikacin lafiyar da ungozoma tun ranar da aka fara zanen.