An tsagaita wuta, to ina abincin? Tambayar wani direba daga Ngaundare

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni direban babbar mota ne a Ngaundare, shekara goma sha ɗaya ina bin hanyar Injamena. Na sha ɗauko buhunan agaji daga tashar jirgin ƙasa in kai Cadi, ana ce mana na mutanen Darfur ne. Amma sai mu ji a rediyo an tsagaita wuta a Sudan, bayan kwana biyu kuma a ce yunwa na kashe 'yan gudun hijira. In an daina harbi, me ke hana kayan isa? Ko a hanya ake cinye su? Sannan maigidana na zancen karɓar lodi har Adre, ina neman shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya tsare hanya. Rabin amsar tambayarka yana ƙarƙashin tayar motarka, don haka bari mu fara daga can.

Ka san tafiyar buhun nan fiye da ni. Jirgin ruwa ya sauke shi a Duwala, ya yi kwanakinsa a hannun duwan, wato kwastam, jirgin ƙasa ya kawo shi Ngaundare, kai kuma ka bi da shi Garwa, Marwa, Kusiri, ka haye gadar Ngeli, ko ka yanke ta Tuboro da Mundu. Daga Duwala zuwa Injamena kaɗai kusan kilomita 1,800 ne. Daga nan sai Mongo, sai Abeshe, sai Adre a bakin iyaka, sannan a fara zancen shiga Darfur. Tafiya ce ta makonni. In ka haɗa da lokacin da ake jiran ƙasashe masu bayarwa su saki kuɗi a sayo hatsin, ta koma ta watanni.

To ka ɗora wannan a kan tsagaita wutar da kake ji. Yaƙin ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojojin gwamnatin Sudan na Janar Burhan da dakarun RSF, rundunar kai ɗaukin gaggawa ta Hamidti. A Jidda, Saudiyya da Amurka suka sa ɓangarorin biyu suka sa hannu ranar 20 ga Mayu kan tsagaita wuta ta kwana bakwai, aka ƙara mata kwana biyar, kuma ko a cikin kwanakin ba a daina harbi ba. Buhun da ke bayan motarka a Ngaundare ranar da aka sa hannu, ina zai ga Darfur kafin wa'adin ya cika? Abin da ke shiga a irin wannan ɗan lokaci shi ne wanda aka riga aka jibge a rumbunan bakin iyaka, da motocinsa, da mansa, da takardunsa. Hausawa sun gama magana: ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga kuma yawan abin da ake buƙata, wanda mutane ba sa lissafawa. Cikakken rabon mutum ɗaya a rana, hatsi da wake da mai da gishiri, rabin kilo ne da 'yar ɗoriya, wato kamar kilo 16 a wata. Mutum 100,000 ke nan suna cin tan 1,600 kowane wata. In motarka na ɗaukar tan 30, ana son irinta sama da hamsin, wata bayan wata, don sansani guda. Ban sa maganar ruwa ba, wanda ƙa'idar aikin agaji ta ce kada ya gaza lita 15 ga kowane mutum a rana. Shi ya sa in na ga an nuna motoci goma a talabijin ana murna, nakan yi murna ni ma, amma zuciyata na kan wata mai zuwa.

Babban abin da na koya a shekarun da na yi ina tsara jigilar kaya a gabashin Cadi shi ne, shirun bindiga daban, buɗewar hanya daban. Dokar yaƙi ta duniya, musamman ƙarin yarjejeniyar Janiba na 1977, ta haramta amfani da yunwa a matsayin makami, amma ta ce aikin agaji sai da amincewar hukumar ƙasar. Ta wannan ƙofa ake wasa da rayukan mutane. A Fabrairun 2024 gwamnatin Sudan ta rufe mashigar Adre ga motocin Majalisar Ɗinkin Duniya, tana zargin ana shigar wa RSF makamai ta nan. Aka koma bin Tine a arewa, damina ta zo ta yanke hanyar. A watan Maris na shekarar Kwamitin Sulhu ya nemi a tsagaita wuta albarkacin Ramadan, ba wanda ya saurara. A farkon Agusta masana suka tabbatar da matsananciyar yunwa a sansanin Zamzam kusa da El-Fashir. Kada ka ɗauka kalma ce ta baka kawai: ba a furta ta sai gida ɗaya cikin biyar ya rasa abinci ƙwarai, yara uku cikin goma sun rame da tamowa, mutum biyu cikin kowane 10,000 na mutuwa kullum. Sai ranar 15 ga Agusta aka sake buɗe Adre, na wata uku, daga baya aka riƙa sabuntawa. A ganina wannan buɗewar, wadda aka yi ana tsakiyar yaƙi, ta ciyar da mutane fiye da duk tsagaita wutar da aka sanar a rediyo.

Ko an buɗe, takarda ɗaya ba ta isa. Hukumar agajin gwamnati na da nata hatimin, RSF da ke riƙe da yawancin Darfur ta kafa tata hukumar, ita ma da nata. Kafin ayari ya tashi ana sanar da ɓangarorin biyu lambobin motoci, sunayen direbobi, hanyar da za a bi da ranar. Duk da haka yaron da ke riƙe da bindiga a shinge bai je Jidda ba, watakila ma wata uku bai ga albashi ba. Na taɓa kwana huɗu da motoci tara a wani shinge, takardunmu cikakku, don kawai mai gidan wurin ya ce shi ba a kira shi ba. Ranar da aka samu wanda ya kira shi, ruwa ya sauka, wadin da ke gabanmu, wato rafin da ke bushewa da rani, ya cika, muka ƙara kwana biyu muna kallon ƙetare. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abincin yara masu tamowa da ke cikin mota ta uku. Yaron da aka fara ba shi, sai ya yi mako shida zuwa takwas yana ci ba yankewa kafin ya murmure. Kwana shidan nan, wasu yara ba su da su.

Zancen cinyewa kuwa, ba zan ɓoye maka ba, ana yi. A Disambar 2023 hukumar abinci ta duniya ta ce an wawashe rumbunta a jihar Jazira bayan RSF ta kama Wad Madani. Akwai masu karɓar na goro a shinge, akwai shugabannin unguwa da ke cusa sunayen bogi a rajista. Amma in ka ga buhun agaji a kasuwar Adre ko Abeshe, kada ka yi saurin cewa sata ce. Matar da aka ba dawa tana buƙatar kuɗin niƙa, da itace, da sabulu, da maganin yaro, sai ta sayar da kwano biyu ta saya. Saboda haka ne ma inda kasuwa ke ci ake ba mutane kuɗi a hannu maimakon buhu. Abin da ya fi sata rage wa mutane abinci shi ne ƙarancin kuɗin da ake bayarwa: in asusu ya gaza, rabo ake ragewa, mutum ya karɓi rabin abin da ya kamata.

Ban ce tsagaita wuta ba ta da amfani ba. A cikin kwana uku na shiru ana kwashe masu rauni, a binne gawa, a gyara famfo, a kai wa asibiti man janareta, iyali su samu ficewa. Matasan unguwanni da ke dafa abincin sadaka a manyan tukwane, waɗanda 'yan Sudan ke kira takaya, su samu zuwa kasuwa. Su ne suka riƙe mutane a wuraren da babu motar da ta isa, kuma da wuya ka ji an ambace su. Sai dai abin da ke biyo baya shi ne mutane su kwararo Cadi, inda tun kafin wannan yaƙi akwai 'yan Darfur kusan 400,000 da suka fara zuwa a 2003, a sansanoni irin su Farshana da Brejin. Wani kaso mai yawa na abin da kake ɗauka a nan yake tsayawa, kuma a wurinsa ya tsaya.

Game da lodin Adre: har Adre cikin Cadi kake, aiki ne irin wanda ka saba, sai dai ka tambayi halin waduna in tsakanin Yuli da Satumba ne, kuma kada ka yi tafiyar dare bayan Abeshe. Tsallakawa Darfur magana ce dabam. A Yunin 2025 an kai wa ayarin motoci 15 na abinci hari kusa da Al-Koma a hanyar El-Fashir, mutum biyar suka rasu, alhali an sanar da tafiyarsu. In maigidanka ya kawo zancen tsallakawa, ka nemi ganin sunanka da lambar motarka a takardar da aka kai wa ɓangarorin biyu, ka san wa zai ɗauki nauyin iyalinka in wani abu ya faru, a rubuce. Kada ka yarda a ɗora maka ko kwali ɗaya da ba ya cikin takardar lodi, kada ka ɗauki mai bindiga ko da rakiya ya ce zai yi maka, kada yaron motarka ya ɗaga waya yana hoto a shinge. In aka rasa ɗaya daga cikin waɗannan, ka sauke kayanka a rumbun Adre, a sa maka hannu, ka juyo gida.