Amsa: man da likita ya rubuta wa yaro mai bushewar fata

'Yar'uwa, kin ce an rubuta wa ɗanki wani mai fari mai ruwa-ruwa saboda fatarsa tana bushewa tana ƙaiƙayi tun shigowar hunturu, kina tambayar yadda ake shafa shi. Allah ya ba shi lafiya.

Irin wannan man haɗin ruwa ne da mai, aikinsa ya riƙe danshi a fata. Shi ya sa lokacin da ya fi amfani shi ne bayan wanka, kin ɗan tsane jikin da tawul, kafin ya bushe ƙayau. Ki shafa, ki bi kwanciyar gashi, ban da murzawa. Ruwan wankan ya zama mai ɗumi kawai, kuma a ajiye soso da sabulu mai kaifi.

Ki karanta jikin kwalin. In kin ga hydrocortisone ko betamethasone, to magani ne sosai: kada ki wuce kwanakin da likita ya ɗiba, kada ki kai shi fuska sai ya ce. Daɗewa a kansa yana sa fata ta yi siriri.

Abin da ya fi damuna shi ne wuta. Man yana shiga riga da zanin gado, su riƙa kamawa da sauri, ga shi lokacin jin ɗumi ne. Don Allah ki nisanta yaron da murhu da kaskon gawayi.

Kada man ya taɓa ido ko ciwo mai jini. In wurin ya kumbura, ya fara ruwa ko mugunya, ki dakata ku koma asibiti.