Direbana ya ce sai sabuwar motar ta kwana uku a kunne kafin a ɗora mata kaya

Tambaya: Assalamu alaikum Maigida. Ni ɗan kasuwa ne a nan Maradi, ina sayen aya da wake a kasuwannin ƙauye. Makon jiya na sayi sabuwar HOWO mai taya goma, rabin kuɗin ma bashi ne. Daga Yamai aka koro ta wayam, ba kaya. Da ta iso, direbana ya ce kada a ɗora mata ko buhu ɗaya sai an bar injin yana aiki a tsaye kwana uku, wai sai ya dahu, haka ake rodaj, wato horar da sabon inji. Wani makaniki a tasha ya goyi bayansa. Muka tayar da ita bayan isha'i, ta kwana tana ruri a ƙofar gida. Da asuba na ga wani baƙin ruwa mai maiƙo yana ɗiga daga mahaɗar salansa, hankalina ya tashi, na sa aka kashe ta. Tun ranar take ajiye, ni kuma barci ya ƙaurace mini. Na lalata injin ke nan? In cika kwana biyun da suka rage ko in bari? Daga wani Alhaji, unguwar Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa alheri, ya ba ka ikon biyan bashin. Kwantar da hankalinka, da wuya dare ɗaya ya kashe sabon inji. Amma kada ka ƙara mata ko awa ɗaya a tsaye da sunan rodaj. Kashe ta da ka sa aka yi da asubar nan shi ne daidai.

Baƙin ruwan da ka gani gazwal ne da bai ƙone ba, ya cakuɗe da baƙin hayaƙi da ɗan man inji, ya bi salansa ya sami mahaɗa ya ɗigo. Injin gazwal in yana ralanti, wato yana kunne a tsaye ba a taka totur ba, wajen juyi 600 a minti, ba kaya a kansa, wutar da ke ci a cikinsa ba ta da ƙarfi, silinda ba ta yin zafin da za ta ƙone duk abin da injekta ta fesa. Abin da ya rage dole ya nemi hanyar fita. Wani ya bi salansa, shi ne ka gani da idonka. Wani kuma ya zurara ta bangon silinda ya gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi, wannan ba ka gan shi ba, kuma shi ya fi damuna.

Wannan magana ta a bar sabon inji ya kwana a kunne ya dahu, na gaji da jin ta. Ba makon da zai wuce ban ji ta a garaji ba, daga bakin direbobi, da yaran mota, har da masu kiran kansu manyan makanikai. Mene ne rodaj ɗin ma? Bangon shemiz, wato rigar cikin silinda inda fistan ke kai da komo, a sabon inji ba sumul yake ba. In ka haska tocila a ciki za ka ga ƙananan zane-zane a gicciye, da gangan kamfani ya yi su. Aikinsu biyu: su riƙe ɗan mai, kuma su goge bakin zobban fistan, sagman ke nan, har zobe da bango su zauna daram ba inda iska za ta bi. Abin da ke danna zoben a jikin bango ba ƙarfin ƙarfensa kaɗai ba ne, matsin wutar da ta tashi a saman fistan ne yake shiga bayan zoben ya tura shi waje. Kamar dutsen niƙa ne da ɗansa, in ba a danna ba sai dai a yi ta shafa hatsi har dare ba gari. Matsin nan kuwa ba ya samuwa sai inji yana jan kaya. A ralanti zoben shafar bango kawai yake yi, gazwal ɗin da bai ƙone ba da man da ya rage su toye a hankali su cike zanen nan.

Na sha buɗe irin waɗannan injuna. Mota ba ta kai shekara ba, mai ita ya zo yana kukan tana shan baƙin mai, tana shuɗin hayaƙi, bututun numfashin inji yana feso tururi. Ka cire kan inji, ka sa yatsa cikin shemiz, ka ji shi santsi, ya yi wani launi ruwan zuma yana ƙyalli, zanen nan duk ya ɓace. Ka tambayi direba yadda aka yi mata tana sabuwa, sai ya ce maka da alfahari ai kwana uku ta yi a kunne, ba wanda ya taɓa ta. In abin ya kai nan, ba wani ruwan gwangwani da za a zuba a tanki ya gyara, ko me mai sayar da shi ya rantse maka. Sai an sauke fistan, a sake zana bangon, sau da yawa a sa sababbin sagman. Motar da aka saya don ta biya bashi ta koma kan jak tana cin kuɗi.

Na san inda maganar ta samo asali. In makaniki ya sake ɗaura tsohon inji, yakan tayar da shi ya bar shi ƴan mintuna, ya duba ko mai ko ruwa na yoyo, ya saurari ƙara. Wannan daidai ne, dubawa ce. Daga nan aka ja ta, mintuna suka zama awoyi, awoyi suka zama kwanaki, kowa ya gada daga maigidansa ba wanda ya tsaya ya tambayi dalili. Wani kuma, gaskiya, yana son a ce motar ta kwana uku a hannunsa ne don a biya shi kuɗin aikin da bai yi ba. Buɗe littafin motarka shafi-shafi, ko na DAF, ko na MAN, ko na Mercedes, ba za ka sami inda aka ce a bar sabon inji ya kwana a tsaye ba. Abin da za ka samu gargaɗi ne a kan doguwar ralanti. Ka tambayi makanikin tashar nan ya nuna maka a rubuce inda ya ga nasa.

Ga asarar kuɗi kuma. Babban inji irin naka yana shan lita 2 zuwa 3 na gazwal a kowace awa yana tsaye. Kwana uku awa 72 ke nan, wajen lita 200 an ƙone su a ƙofar gida. Da man nan da ka kai kaya Damagaram ka dawo, injin kuma ya sami rodaj na gaskiya. Agogon kilomita bai motsa ba amma baƙin mai ya tsufa, shi ya sa manyan motoci da yawa suke ƙirga awoyin aikin inji daban. Masu sayen motocin Turai na baya-bayan nan, masu matatar hayaƙi a salansa, su abin ya fi yi wa illa, don ralanti toshe matatar yake yi. Sannan akwai rai. Yaran mota suna shimfiɗa tabarma ƙarƙashin motar da ke kunne saboda ɗumi lokacin sanyi, wasu a cikin rufaffen gareji, suna shaƙar hayaƙi har gari ya waye. Ɗan wani ne aka ba ka amana, kada ka yarda a yi haka a motarka.

Ƙanwar wannan magana ita ce ta cire tamostat, ɗan abin da ke tare ruwan sanyaya inji har injin ya yi zafi, wai ƙasarmu da zafi. Duk cuta ɗaya ce, a hana inji kai zafinsa na aiki, wanda ke tsakanin digiri 80 da 95. In wani ya zo da sifana zai cire maka ita a sabuwar mota, ka sallame shi.

Yanzu ga abin da za ka yi. Kafin a tayar da ita, a zaro sandar gwada mai. In man ya haura alamar sama, ko ka shinshina ka ji warin gazwal sosai, a juye shi a sa sabo da sabuwar filta kafin a tafi ko'ina. In yana daidai, a tayar ba tare da taka totur ba. Fitilar matsin mai ta mutu cikin ƴan daƙiƙu, in ta ƙi mutuwa a kashe inji nan take. A jira minti uku zuwa biyar, iskar birki ta cika, shi ke nan ɗumamawa ta ƙare. Ko a tsakiyar hunturu, sanyin Disamba da Janairu na Maradi bai kai wanda zai sa a zauna rabin awa ana jiran inji ba. A hanya yake ɗumi, a tafi a hankali har allurar zafi ta tashi.

A ɗora mata kaya, amma rabin abin da aka rubuta tana ɗauka, zuwa kashi biyu cikin uku. Tafiyar da ta yi daga Yamai, sama da kilomita 600, ta taimaka, sai dai wayam ta zo. A hau kwalta, a nufi Tasawa ko Gidan Rumji, ta yi awa biyu ko uku tana ja. Da farko za ta yi hayaƙi fiye da kima yayin da ragowar maiƙon nan ke ƙonewa, kada ka tsorata, zai washe. Direba ya riƙa canza gudu, kada ya kafe ƙafa wuri ɗaya awa da awanni, ya riƙe allurar juyin inji a cikin koren zane. Abu biyu ya kiyaye: kada ya kure totur, kada kuma ya bar ta a babbar giya tana nishi tana kakkarwa don ƙyashin sauke giya. Na biyun direbobinmu sun fi yi, suna ganin tattalin mai ne. Yashin Gulbi da hanyoyin ƙauye masu cin taya, a jinkirta su in da hali. Haka za a ci gaba har kilomitan da littafinka ya ƙayyade, galibi dubu biyu ko fiye kaɗan. Lodin nan na ganganci da ake tula wa mota ninkin ƙarfinta, wanda dokar UEMOA mai lamba 14 ta shekarar 2005 ta hana, ko tsohuwar mota yana karya ta balle sabuwa.

Wuri ɗaya ne ralanti yake da amfani na gaske, kuma nan ne direbobi ba sa yi. In mota ta dawo daga doguwar tafiya da kaya, turbo, wato abin da ke tura ƙarin iska cikin inji, ya yi zafi ƙwarai, yana juyi sama da dubu ɗari a minti lokacin aiki. In aka murɗe makulli nan take, mai ya daina zagayawa, wanda ya rage a cikin turbon ya toye a kan sandarsa. A ba ta minti uku zuwa biyar kafin a kashe. Amma in layi ake bi a Ɗan Isa, ko ana jiran lodi a kasuwa, ko direba ya shiga masallaci, a kashe ta. Batir da kik mai tayar da inji an yi su ne don a yi aiki da su.

Sauran ƙananan abubuwa: a sake ɗaure notocin taya bayan tafiyar farko da kaya, don suna sassautawa. A sha gazwal a gidan mai, a bar na ƴan ruwa-ruwa da ke cikin jarkoki a bakin hanya, injektocin sabon inji ba sa jure ruwa da ƙasa. Kada yaro ya cire filtar iska yana buga ta a jikin taya, takardar tana tsagewa ƙura ta wuce kai tsaye cikin silinda. Bidanjin farko kuwa, wato juye baƙin mai a sa sabo, a yi shi a kan lokaci, da man da littafi ya ce, galibi 15W-40, kuma a wurin waɗanda suka sayar maka, su buga hatimi a takardar garanti.

Ka riƙa duba sandar mai kowace safiya a wuri mai daidaito, kana rubuta abin da aka ƙara. Sabon inji yakan ɗan sha mai da farko sannan ya daina. In aka wuce bidanjin farko shuɗin hayaƙi bai tafi ba, ko shan man bai ragu ba, ka mayar musu da motar tare da takardar da ka rubuta tun garantinka bai ƙare ba. Kada ka bari kowa a tasha ya kwance ko noti ɗaya a kan injin kafin nan, don da zarar an buɗe shi a waje za su ce ba ruwansu.